Tambaya da Amsa: Wace fitila ta dace da tankin ruwan gishiri a zafin Maradi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, a nan Maradi, kuma na daɗe ina kiwon kifayen ado na ruwan daɗi. Bara na kafa tankin gilashi na ruwan gishiri mai tsawon santimita 120, faɗi 50, zurfi 50, da duwatsu da 'yan kifaye a ciki, kuma har yanzu suna nan lafiya. Yanzu ina so in ƙara animon, dabbar nan mai kama da fure wadda ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen zane yake fakewa a cikinta, sannan in sa tiridakna, wato dabbar teku mai ɓawo biyu da leɓe mai launin shuɗi. Abokina da ke kawo kaya daga waje ya ce in zaɓi ɗaya cikin fitilu uku: metal halaid, wato ƙwan nan mai tsananin haske da zafi, ko dogayen ƙwayaye na T5, ko LED. Wacce zan saya, kuma mai wat nawa?

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kyauta da ka yi tambayar kafin dabbobin su iso, domin animon da tiridakna ba sa jiran mai su ya gama shawara. A ɗakin da ke Maradi, LED wadda aka ƙera domin tankin murjani, wato ƙananan dabbobin teku masu gina duwatsu a ƙarƙashin ruwa, mai maɓallin ragewa da ƙara haske, ita ce shawarata. Amma adadin wat ba zai raba maka gardama ba, kuma ya kamata ka san dalili kafin ka saki kuɗinka.

Kifayen da ke tankinka ba su buƙatar fitila sai don su ga abinci, kai ma ka gan su. Animon da tiridakna kuwa da haske suke rayuwa. A cikin naman jikinsu akwai wasu ƙananan gansakuka masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ido ba ya gani, kuma suna nan miliyoyi. Masanin nan Bajamushe Karl Brandt ne ya raɗa musu suna zuzanteli a shekarar 1881. Gansakukan suna amfani da haske su haɗa sukari kamar yadda ganyen kowane tsiro yake yi, su miƙa wa dabbar kaso mai yawa daga ciki, ita kuma dabbar ta ba su mafaka da iskar da ta fitar da dattin jikinta, wanda a wurinsu taki ne. Shi ya sa tiridakna take zama a kan dutse da bakinta sama, ta shimfiɗa leɓenta ta rufe gefen ɓawon, tana fuskantar rana. Launin shuɗi da kore mai walƙiya da ya ja hankalinka ma yana da aiki, domin ƙwayoyin da ke ba da shi suna watsa haske zuwa cikin naman inda gansakukan suke jere. Idan haske ya gaza, dabbar ba ta mutuwa nan take. Ramewa take yi a hankali har tsawon watanni, kuma sau da yawa mai ita ba ya ankara sai lokaci ya ƙure.

Akwai kuma batun irin hasken. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, rawaya da kore su ɗan ƙara nitsawa, shuɗi kuwa shi ke kaiwa ƙasa sosai. Gansakukan nan sun fi cin moriyar shuɗin haske mai tsawon zango wajen nanomita 440 zuwa 470 (da wannan ma'auni ake bambanta launukan haske), kuma suna da wani launi na musamman da ke kama shuɗi mai sirkin kore. Idon ɗan Adam kuwa ya fi jin haske a wajen nanomita 555, inda kore ya haɗu da rawaya, kuma don wannan idon ake ƙera ƙwayayen fitilar gida da ake sayarwa a kasuwa. Saboda haka ƙwan da ya haskaka falonka fes zai iya barin animon da yunwa, sannan ya ciyar da koren gansakukan banza da zai lulluɓe gilashi da duwatsu. Lambar Kelbin da za ka gani a jikin kwali tana nuna launin hasken ne kawai: hasken rana tsaka yana wajen 5,500 zuwa 6,500, mai 10,000 fari ne tas, mai 14,000 yana da sirkin shuɗi, mai 20,000 kuwa shuɗi ne sosai. Tsakanin 12,000 da 16,000 nake ganin ya fi dacewa, domin gansakukan za su ƙoshi, kai ma za ka ga launin kifayenka yadda Allah ya halicce su.

Wat kuwa yana gaya maka wutar da fitila take sha ne, ba hasken da ya isa jikin dabba ba. Ma'aunin da masu wannan kiwo suke dogaro da shi ana kiransa PAR, kuma yana ƙidaya hasken da tsiro zai iya amfani da shi, daga nanomita 400 zuwa 700, wanda ke sauka a kan murabba'in mita guda cikin daƙiƙa guda. Rana tsaka a ƙasashen zafi irin namu tana ba da kusan 2,000 a saman ruwa. Dabbobin tanki ba su buƙatar ko kusa da haka, amma kowane jinsi yana da gwargwadonsa, kuma a nan ne nake so ka dakata, domin ka ambaci animon da tiridakna kamar kowanne iri ɗaya ne, alhali ba haka ba ne.

A cikin animon ɗin duniya, kusan jinsi goma ne kawai ɗan kifin nan mai ruwan lemo yake zama a cikinsu. Mafi sauƙin kiwo shi ne Entacmaea quadricolor, wanda kan yatsunsa ke kumbura kamar ƙananan ƙwallaye, kuma masu kiwo suna ajiye shi lafiya a haske mai PAR wajen 150 zuwa 250. Heteractis magnifica da Stichodactyla gigantea kyawawa ne ƙwarai, amma suna son haske mai tsanani da igiyar ruwa mai ƙarfi, ba sa jure doguwar tafiya, kuma idan ɗaya ya mutu a tanki mai lita 300 irin naka ruɓarsa za ta iya tafiya da kifayen gaba ɗaya cikin dare guda. Ban yarda ka fara da su ba. A ɓangaren tiridakna, Tridacna derasa da Tridacna squamosa sun fi haƙuri, suna zama a kan yashi a PAR wajen 150 zuwa 250, sai dai suna girma sosai, har derasa takan wuce rabin mita idan ta daɗe. Tridacna maxima da Tridacna crocea, waɗanda su ne masu shuɗin da ke ɗaukar ido, suna zaune ne a ruwa marar zurfi inda rana ke dukansu, don haka suna son PAR daga 250 zuwa 400, kuma a kan dutse can sama ya kamata a ɗora su. Babbarsu duka, Tridacna gigas, tana wuce mita guda a tsawo da kilo 200 a nauyi, ba ta gidan kowa ba ce. Idan ka ɗauki Entacmaea guda da squamosa ƙarama guda, fitilar da za ta ba ka 200 a kan yashi da 300 zuwa 350 a kan duwatsun sama ta wadatar, kuma ta bar maka wurin sa maxima nan gaba idan hannunka ya faɗa.

Yanzu ga abin da ya sa na karkata ga LED. Duk fitilun nan uku suna iya raya waɗannan dabbobi, kuma metal halaid ta yi shekaru da dama tana raya su a Turai da Amurka tun kafin LED ta shigo. Amma waɗanda suka rubuta yabonta ba su yi bazara a Maradi ba, inda zafin Afrilu da Mayu yake wuce digiri 40. Ruwan tankinka ya kamata ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27. Idan ya kai 30 ya zauna a haka kwanaki, aikin gansakukan yana rikicewa, su fara fitar da abubuwan da ke cutar da naman dabbar, ita kuma ta kore su daga jikinta ta koma fara fat. Wannan shi ne abin da yake faruwa ga murjani a teku a shekarun tsananin zafi, kuma haske mai ƙarfi yana ƙara tsananta shi. Ma'ana, hasken da ke ciyar da dabbar a digiri 26 shi ne zai ƙona ta a digiri 31.

Mu yi lissafi da tankinka. Tsawon santimita 120 yana buƙatar ƙwayayen metal halaid biyu, kowanne mai wat 250. Idan suka yi awa 10 a kunne sun sha kilowat-awa 5 a rana, wato 150 a wata, kuma kusan duk wannan wuta zafi take komawa a cikin ɗakin. Da a ce zafin gaba ɗaya zai shiga lita 300 na ruwa, da ya ɗaga shi da kusan digiri 15. Ba duka ke shiga ba, amma ko kashi ɗaya cikin biyar ya shiga, digiri 3 ke nan a kan ruwan da dama yake bakin iyaka, kuma sai ka sake biyan wata wutar domin na'urar da za ta fitar da zafin. Ga shi ƙwan yana buƙatar canji kusan kowace shekara domin launinsa yana gurɓata tun bai mutu ba, kuma idan wuta ta ɗauke ta dawo ba ya kamawa sai ya huce. T5 ta fi ta sauƙin zafi, haskenta kuma yana bazuwa daidai ba tare da inuwa mai kaifi ba. Ƙwayaye shida masu wat 54 za su yi maka aiki da wat 324. Matsalarta a wurinmu ita ce ƙwayayen: su ma duk shekara ake canza su, gilashi ne siriri mai tsawon fiye da mita, kuma irin na tankin murjani ba a samunsa a shagon kayan wuta, sai an yo odarsa daga nesa a yi ta addu'ar ya iso bai fashe ba.

LED biyu masu wat 90 zuwa 100 kowacce za su rufe tankin, kowacce ta ɗauki rabinsa, kuma da wuya ka buƙaci kunna su har ƙarshen ƙarfinsu. Ko ka ƙure su, kilowat-awa 2 ne a rana. Zafinsu ta bayan fitilar yake fita zuwa iska, kaɗan ne yake sauka a ruwa, suna shekaru ba a canza komai ba, kuma batir da farantin sola suna iya ɗaukarsu. Wannan duka ya samu ne saboda shuɗin LED mai ƙarfi da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura suka samar, aikin da ya ba su kyautar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014.

Sai dai ba kowace LED ba ce, kuma a nan ne ake yawan cutar mai saye. Ka nemi wadda kamfaninta ya buga taswirar PAR a zurfi daban-daban, ka duba lambar da ke santimita 50 zuwa 60 daga fitilar, a gefe da kuma tsakiya, domin haske yana raguwa da sauri yayin da nisa ke ƙaruwa, kuma mai sayarwa lambar da ta fi girma yake nunawa. Ka tabbata ana iya rage shuɗi da fari kowanne daban. Ka guji mai ƙananan madubai da ke tattara haske wuri ɗaya, wadda za ta ƙona abin da ke ƙarƙashinta ta bar gefe cikin duhu. Wadda haskenta ke bazuwa ta fi, kuma rataye ta santimita 20 zuwa 30 sama da ruwa yana ƙara bazuwar, yana kuma kare ta daga feshin gishiri. Ka karanta jikin na'urar wutarta ka ga ta karɓi bolt 220, domin kayan da aka yi wa kasuwar Amurka wani lokaci na bolt 120 ne kawai, sannan ka haɗa ta da na'urar daidaita ƙarfin wuta da kuma makashin da ke yanke wuta idan ta zubo cikin ruwa. Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba, kuma hannunka kullum yana ciki. Wani abin da littattafan waje ba sa faɗa shi ne ƙurar hunturu: tana toshe ƙaramar fankar da ke bayan fitila, fitilar ta yi zafi, ƙarfinta ya ragu tun ba ta tsufa ba. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa busa ƙurar kowane mako, ka kuma goge gilashin fitilar daga busasshen gishiri.

Idan za ka iya aron na'urar auna PAR ko ka haɗa kuɗi da wasu ku saya, ka yi. Manhajar waya da ke auna haske da ma'aunin idon mutum take aiki, don haka tana rage wa shuɗi daraja, kuma za ta iya sa ka ƙara wuta a kan dabbar da ta riga ta ƙoshi.

Ranar da dabbobin suka iso, kada ka tarbe su da cikakken haske, domin sun yi kwanaki a duhun kwali, kuma ba ka san irin fitilar da suka baro ba. Ka fara da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfin da kake nufin kaiwa, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har tsawon mako huɗu. Awa 8 zuwa 10 na cikakken haske a rana sun isa, da ɗan shuɗi mai rauni awa guda kafin da bayan haka, kuma a bar agogon fitilar ya riƙa kunnawa da kashewa a kan lokaci ɗaya kullum. Daga nan sai ka zuba wa dabbobin ido, domin su ne za su gaya maka gaskiya. Animon yana tafiya da ƙafarsa: idan ya hau can ƙolin dutse yana miƙa jiki, haske ya yi masa kaɗan, idan kuma ya shige ƙarƙashin dutse ya ƙi fitowa, ya yi masa yawa ko ruwan bai yi masa ba. Saboda wannan yawon nasa, ka rufe bakin injinan juya ruwa da raga tun kafin ya shiga, ka kuma nisanta tiridakna da shi domin yana harbi. Lafiyayyar tiridakna tana shimfiɗa leɓe sosai, tana janye shi da sauri idan inuwar hannunka ta gifta, kuma za ka ga farin sabon ɓawo yana fitowa a bakin tsohon. Wannan sabon ɓawon daga ruwan take ɗaukar kayansa, kuma haske mai kyau yana sa ta ci da yawa, don haka ka riƙa auna kalsiyam ya tsaya wajen miligiram 400 zuwa 450 a lita, gishiri kuma giram 35 a lita.

Abu na ƙarshe a kan sayen: waɗannan dabbobi na tekun Indiya da Pasifik da Bahar Maliya ne, ba a samunsu a gaɓar Kwatano ko Legas, kuma duk jinsin tiridakna suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 da ke sa ido a kan cinikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, don haka ba a ƙetara iyaka da su sai da takardar izini. Ka ce wa abokinka ya nemi waɗanda aka haifa a gonakin ruwa, irin na Palau da tsibiran Marshal, da animon ɗin da ya rabu biyu a tankin wani mai kiwo. Sun saba da fitila, kuma ba a yashe teku domin su ba.

TAMBAYA

Malam, ni malamar makaranta ce a Tibiri. Tunda Allah ya hore mana rana, me zai hana a ajiye irin wannan tanki kusa da taga a huta da sayen fitila?

AMSA

Malama, tunaninki yana da tushe, domin gonakin tiridakna da rana suke aiki, suna rage ta da ragar inuwa. Amma su ruwan teku ne yake ratsa kwatamansu dare da rana yana tafiya da zafin, mu kuwa muna nesa da teku da fiye da kilomita 800, kuma ruwanmu 'yan ɗaruruwan lita ne a cikin gilashi. Ranar da ta faɗo ta taga za ta ɗaga zafinsa cikin 'yan awoyi, ƙarfinta kuma yana canzawa daga hazon hunturu zuwa ƙwallewar bazara zuwa hadarin damina, alhali dabbobin nan daidaito suke so. Hanyar cin moriyar ranarmu ita ce a ɗora farantin sola a kan rufi ya ciyar da LED, tankin kuma ya zauna a ɗaki mafi sanyi a gidan, nesa da bangon yamma.

TAMBAYA

Malam, ni ɗalibi ne a unguwar Zariya. Idan wuta ta ɗauke ta daɗe, kuma batirina ƙarami ne, fitilar zan fara haɗawa da shi?

AMSA

A'a ɗana, fitila ce ta ƙarshe. Animon da tiridakna za su jure kwana biyu ko uku na duhu, kamar yadda suke jurewa a teku idan hadari ya rufe sama. Abin da ba za su jure ba shi ne tsayawar ruwa, domin ruwa mai ɗumi da gishiri ba ya riƙe iskar shaƙa da yawa, kuma a tanki mai kifaye tana iya ƙarewa cikin 'yan awoyi. Saboda haka injin juya ruwa shi ne na farko a kan batir, ka karkata shi ya riƙa motsa saman ruwan. Na biyu ƙaramar fanka ce da za ta riƙa hura saman tankin a buɗe, wadda take sanyaya shi ta hanyar da randa ke sanyaya ruwan sha: kowace lita guda da ta tashi ta bi iska tana rage wa tanki mai lita 300 kusan digiri 2. A busasshiyar iskar Maris da Afrilu wannan dabara tana aiki sosai, amma tana rauni a ƙarshen Mayu da Yuni lokacin da zafi ya haɗu da laima, kuma a wannan tsakanin ba makawa sai na'urar sanyaya ɗaki ko ta sanyaya ruwa, ko aƙalla gorunan ƙanƙara a rufe ruf da za a sa su yi iyo a ciki. Ruwan da ya tashi ka mayar da shi da tataccen ruwan daɗi marar gishiri, domin gishirin yana nan bai tashi ba. Duk ranar da ma'aunin zafi ya wuce digiri 28, ka rage hasken zuwa rabi ko da akwai wuta, kuma a watannin bazara ka juya agogon fitilar ta kama daga la'asar zuwa tsakar dare, yadda zafinta ba zai haɗu da na azahar ba. Idan za ka yi wannan juyin, ka matsar da lokacin da awa guda kowace rana har ka kai inda kake so, kuma ka sa labule mai kauri ɗakin ya yi duhu da safe domin dabbobin su samu nasu daren.